Yadda Waƙar Niƙata Ta Shiga Tallar Giya

Ki rubuta yadda na faɗa, Malama, kada ki gyara mini baki. In kin ga na tsaya ina share ido, ki ɗan ajiye alƙalamin, zai wuce. Tun da na fita takaba haka nake, ina cikin dariya sai kuka ya zo, ina cikin kuka sai in tuna wani abu nasa in ƙyalƙyale. Sunansa kuwa kada ki tambaye ni. Ban faɗe shi yana da rai ba, ba zan fara ba yanzu da yake kwance a ƙasa. Malam nake ce masa, ke ma ki rubuta Malam. Allah ya haskaka kabarinsa.

Gidanmu a Soron Ɗinki yake. Malam mai ɗinkin hannu ne, aikin wuyan riga da aljihu. Yakan zauna a soro tun hantsi, riga a kan gwiwa, allura a hannu, ba ya ɗagowa sai kiran salla. Mutum ne mai tsadar magana. Ni kuma dutsen niƙata yana jingine da bayan soron, katanga ɗaya ce tsakaninmu. A gidan akwai yayarsa, wadda mijinta ya rasu ta dawo wajenmu. Yaya muke ce mata mu duka, kuma ita kaɗai ce ke iya kallon tsabar idon Malam ta faɗa masa abin da ta ga dama.

A zamaninmu mace ba ta tsayawa gaban miji ta jera masa buƙatu kamar mai karanta laifi. Kunya ba ta bari. Amma akwai dutse. Abin da bakinki ya kasa faɗa a tsaye, sai ki faɗe shi a durƙushe, kina niƙa kina waƙa. Ƙa'idar kuma ita ce ba a amsa waƙar niƙa. Namiji ya ji, ya yi kamar bai ji ba. In gishiri ya ƙare sai in ce:

Dutse, dutse, ji maganata,
gishiri ya yi ƙaura daga gidan nan,
ko mai allura ya gan shi a hanya?

Da yamma sai in tarar da ƙullin gishiri a bakin ƙofar ɗakina. Ba wanda ya ce uffan. Haka muka yi zaman aurenmu, kuma ban ga waɗanda suka fi mu fahimtar juna ba.

Baitocin nawa ne, kullum da abin da ranar ta kawo. Amshin ne ba nawa ba, na kakata ne, wadda ta yi sana'ar fura a bakin hanya ta wajen Ƙofar Dawanau, tana sayar wa fatake. Ita ma a bakin tata kakar ta ji shi. Bayan kowane baiti sai a ce:

Sha ka miƙe, mai nisan hanya,
gida na nan inda ka bar shi.

Ba gidan da bai san muryar nan ba a lungunmu. Yara har kwaikwayona suke yi.

Sai ƙasa ta rikice. Allah kada ya maimaita mana abin da idanu suka gani a garin nan. Mai injin niƙa na bakin ƙofa mutumin Gabashin ƙasar nan ne, mai fara'a, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Rana ɗaya aka wayi gari babu shi, har yau ban san ko ya kai gida ba. Injin ya mutu, ba mai gyara, mata duk suka koma dutse. Ni dai dama ban taɓa barinsa ba. Daga nan yaƙin basasa ya ɓarke, aka yi ta ɗibar samari soja. Ɗanmu na fari ya je ya ba da kansa, sai da aka aske masa kai muka ji.

Kin san yadda ɗan fari yake. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, Yaya ce ta raine shi. Malam ma haka, ko a gaban liman ba zai buɗe baki ya ce ina labarin yaron nan ba. Ranar da ya tafi ba mu yi maganar ba. Washegari Malam ya je kasuwa ya sayo akwatin rediyo, ya ce don a riƙa jin halin da ƙasa take ciki. Ni kuma na ƙara baiti a waƙata, na wani tsuntsu da ya bar sheƙa ya bi kogi. In na zo wajen, sai in ji soro ya yi tsit.

Saboda rediyon nan, soron Malam ya zama majalisa. Bayan la'asar dattawan unguwa sukan taru, har da liman, a saurari labarin fagen daga. Ni kuma in kawo faifai da rariya kusa da katanga, wai tankaɗe nake yi.

Ran nan an gama labarai, sai na ji goge ya tashi. Wani ƙato ya ɗaga murya, mata suna amsa masa. Kafin ya kai ƙarshen layin farko na tsaya da tankaɗe. Waƙata ce! Karin nan nawa, har ɗan jan da nake yi a tsakiya in ɗan dutse ya kai ƙarshe. Wallahi Malama, farin ciki na fara yi. Na ajiye rariya na ce, "Yaya, fito ki ji, na shiga rediyo!" Yaya ta fito da carbi a hannu, har ta fara gyaɗa kai. Sai muka ji sauran:

Sha ka miƙe, mai nisan hanya,
baƙar kwalba mai sa ƙarfi.

Wani mai zaƙin baki ya biyo baya yana bayani, wai baƙar giya ce ta Turawa, mai ƙara jini, mai mai da tsoho yaro.

Can sai na ji wani dattijo, mai sayar da jan fata, ya yi gyaran murya ya ce, "Ikon Allah. Wannan kari kamar na taɓa jinsa a wani wuri." Wani ya ce, "Ba nisa ma." Liman ya yi a'uzu billahi, ya nemi takalminsa.

Daga baya muka ji cewa kafin ta kai rediyo, waƙar ta daɗe tana yawo a otal-otal na Sabon Gari. Sojojin da suka zo hutu su ne ke rera ta in sun yi tatul, suna dukan tebur, su kuma cewa suke yi kwalba na nan inda ka bar ta. Masu goge suka ɗauka, masu talla suka ji ta yi musu daɗi. Wani maƙwabcinmu akawu ya ce ai a ƙasar da aka fara yin giyar ma haka suke, tsofaffin waƙoƙin kakanninsu a gidan giya ake rera su. Yaya ta ce, "To ashe ɓarayin waƙa ne tun daga gida."

Amma a ranar ba wanda ya yi dariya. Malam ya shigo tsakar gida, hularsa a karkace, abin da ban taɓa gani ba. Bai kalle ni ba, dutsen ya kalla. Ya ce, "Wallahi tallahi, muddin ina numfashi, ba a ƙara waƙa a gidan nan."

Na ce, "Malam, har da rantsuwa?"

Ya ce, "Har da ita."

Yaya ta ce, "Kai dai tun kana yaro bakinka ya fi hankalinka sauri. Ita ta kai musu? Yaushe rabonta da ƙofar gida?"

Malam ya juya ya koma soro. Ni na san abin da ke cinsa, kuma ba gorin mai jan fata ba ne kaɗai. Waƙar da sojoji suke yi a gidan giya, wane soja ne ya san ta tun yana goye? Tsoronsa ke nan, cewa yaron ya lalace a can. Ni ma tsorona ke nan. Ba mai iya faɗa wa wani.

Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Waƙar nan ita ce bakina. Amma da gari ya waye na ce, to, miji ya yi umarni, sai biyayya. Na yi niyyar in yi masa biyayya irin wadda bai taɓa gani ba.

Na durƙusa a gaban dutse na yi niƙa shiru, ba ka jin komai sai gurr, gurr. Wanda bai taɓa niƙa ba bai san cewa waƙa ce ke riƙe hannu ba. Babu ita, hannu sai ya yi ta gaggawa, ya gaji da wuri, gari ya fito da tsaki. Ban ce da gangan na yi ba. Ban kuma ce na yi wani ƙoƙarin hana shi ba. Malam ya ci tuwon daren nan yana tauna kamar mai cin gyaɗa.

Gishiri ya ƙare, na yi miya haka nan. Ya kai loma ɗaya ya ajiye hannu.

"Yau kuma miyar lafiya?"

"Gishiri ne babu, Malam."

"Me ya hana a faɗa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "A ina na saba faɗa?"

Ya mai da hannu kwano ya ci gaba da ci. Kananzir ya ƙare, muka ci tuwo a hasken wata. Damina ta sauka, indararon ɗakin da yake ajiye rigunan mutane ya toshe, ruwa ya fara bin bango. Na gani, na kwashe rigunan na mayar ɗakina, don ban kai ga mugunta ba, amma ban ce komai ba. Ya shiga ya tarar da ɗaki wayam, ruwa kwance. Ya fito yana salati, yana cewa an yi masa sata. Sai da ya zagaya gidan kaf, har bayan rumbu, sannan Yaya ta ce, "Ka duba ɗakin matarka mana. Da can ai da ka ji a rediyon bayan katanga, kai ka kashe tashar."

Duk da haka bai sauko ba. Malam in ya kafe, jaki ma sallama masa yake yi. Ni ma abin ya fara cina. Gidan ya zama kamar kango. In na zo inda baitin tsuntsu yake shiga, sai in haɗiye shi. Yaron da ba a kiran sunansa, yanzu ko a waƙa babu shi. Sai ka ce ba a taɓa haifarsa ba.

Ana nan sai wata rana da hantsi wata tsohuwa daga Ƙofar Wambai ta yi sallama. Ɗanta soja ne, an harbe shi a cinya, an kawo shi asibitin Kaduna, ta je ta dubo shi. Ta bi ta soro ta gaida Malam, ta ce wajen mutanen ciki ta zo, da saƙo daga bakin daga. Ya ce bismilla, ta wuce. Yaya ta ce ta leƙa ta gan shi yana ta soka allura a wuri ɗaya.

Tsohuwar ta zauna ta sha ruwa, ta dubi Yaya, don ta san ba ni za a kalla a faɗa wa ba. Ta ce, "Ɗanku yana gaishe ku. Yana nan lafiya lau, har ya yi ƙiba."

Yaya ta ce, "Ƙiba? A yaƙi?"

"Ai ba ya zuwa inda ake harbi. Kuku ne. Tun a bariki aka ga ya iya tuƙa tuwo, aka ba shi muciya. Ɗana ya ce duk rundunarsu ba wanda bai san shi ba, saboda wata waƙa da yake yi in yana tuƙi, wai sha ka miƙe. Yana yi suna layi da kwanoni suna amsawa. Liman ƙarami suke ce masa, don ko taba ba ya sha, sai ya yi ta korar su salla."

Ni dai na juya baya ina gyara itacen murhu, hawaye na zuba a toka. Yaya kuwa dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce, "An kai namiji yaƙi ya ƙare a gindin murhu! Wannan ɗan uwarsa ne."

Da tsohuwar za ta fita, Malam ya yi mata a sauka lafiya, ya bi ta da ido. Tambaya tana bakinsa, kunya ta danne ta. Ita ma ba ta ga dalilin tsayawa ba, tunda ta isar a ciki.

Ban so ya kwana da zaton mutuwa ba. Don haka na yi wanka, na ɗaura zanen da nake adanawa don salla, na sa kwalli, na bi ta gabansa da butar alwala. Ya dube ni sama da ƙasa, na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya gane ba mugun labari ba ne. Amma wane labari ne? Nan na bar shi.

Ya shigo bayan azahar, abin da ba ya yi, ya tsaya kusa da Yaya yana duban sama.

"Yaya, baƙuwar nan ta ɗazu, daga nesa take?"

"Daga Ƙofar Wambai."

"Ta daɗe kuwa."

"Ta daɗe."

"Hira ce ta yi daɗi, ko?"

"Ni kunnena ya yi nauyi, ɗan'uwana. Na dai ga bakinta yana motsi. Matarka ce ta ji."

"Ke da kike jin faɗuwar allura daga ɗakinki?"

"Tsufa ai rana ɗaya yake zuwa."

Ya juyo wajena. Na duƙufa a kan tsintar shinkafar da babu tsakuwa ko ɗaya a cikinta. Ya yi gyaran murya, na ce, "Malam, ruwa za a kawo?" Ya ce a'a, ya fita.

Ya yi kwanaki yana wannan zagaye. Ya rage cin abinci. Mai riga ya zo karɓar aikinsa ya tarar an ɗinke masa bakin aljihu ruf. Ni ma ba daɗi nake ji ba, sau da yawa na kai bakin soro in dawo. Amma ko na shiga me zan ce? Bakina bai san hanyar wannan magana ba sai ta kan dutse, dutse kuma shi ya rufe shi da sunan Allah.

Ran nan bayan sallar asuba bai dawo da wuri ba. Ashe tsayawa ya yi wajen liman. Matar liman ce ta ba mu labari daga baya. Wai ya ce, "Allah gafarta Malam, wani abokina ne ya yi rantsuwa cikin fushi." Liman ya ce, "Abokin nan naka mai ɗinkin riga ne?" Ya ce, "Yana ɗan taɓawa." Liman ya ce, "To ka gaya masa ya ciyar da miskinai goma, ko ya tufatar da su. Ka kuma gaya masa unguwa ta yi shiru da yawa, ni kaina da waƙar nan nake gane hantsi ya yi."

Tufafi a shekarun nan ba a magana, yadi ya yi tsada. Sai ga Malam da rana tsaka, ɗan dako na biye da shi da buhun dawa. Aka sauke a gaban dutsena. Ya tsaya yana magana da Yaya, ni ina zaune a gabansa kamar ba ni.

"Yaya, a gaya wa mutanen gidan nan gobe akwai baƙi goma. Kaffara zan yi."

"Kaffarar me?"

"Kin sani."

"Na ce maka kunnena ya yi nauyi. Ɗaga murya."

Ya ɗaga murya, har maƙwabta sun ji. "Na janye! A yi waƙa!"

Washegari da sassafe na wanke dutse na durƙusa. Na ji shigarsa soro, na ji ya shimfiɗa buzu a jikin katanga, ba inda ya saba zama ba. Sai na fara. Kina zaton da labarin na fara? Ina! Na fara da gishiri. Na yi na kananzir. Na yi na indararo, na yi na ɓarawon da ya kwashe riguna ya kai su ɗakin matar gida. Na yi na aljihun da aka ɗinke don kada kuɗin mai shi su gudu. Yaya tana gefe tana amshi, tana dukan ƙwarya. Duk baitin da na gama sai in ji tari daga bayan katanga. Sai da na cinye rabin dawar, sannan muryata ta karye da kanta, na ce:

Tsuntsun da ya bi kogi yana nan,
ya yi ƙiba, ya riƙe salla,
ba bindiga a hannunsa sai muciya,
shi ya kai waƙa, bai kai kwalba baki ba.

Na maimaita, don kada wata kalma ta maƙale a katanga. Tari ya tsaya. Can sai na ji wani sauti da ban taɓa ji daga Malam ba tun da aka kawo ni gidan. Yaya ta tashi za ta leƙa, na riƙe zanenta. Ba a amsa waƙar niƙa, ba a kuma leƙa wanda ta sa kuka.

Bayan azahar baƙi suka zo, 'yan dako ne daga kasuwar Ƙofar Wambai, liman ya zo sa albarka. Malam ya ƙaro nama a kan wanda aka yi niyya. Tuwo ya yi laushi kamar auduga. Ni kuma ina ciki ina niƙa na dare, ina waƙata, don na yi kewarta. Da na kai amshi, 'yan dakon nan da cikinsu ya ɗauka suka ji karin da suka sani a gari. Sai suka amsa gaba ɗaya, a gaban liman, da tuwon kaffara a hannu:

"Kwalba na nan inda ka bar ta!"

Na saki ɗan dutse. Na ce shi ke nan, yau kam har dutsen za a fitar daga gidan. Yaya ta dafe kai.

Sai na ji muryar Malam, a hankali, irin yadda yake yi wa mai koyon ɗinki in ya karkace layi.

"Kai, ku tsaya. Ba haka take ba. Gida na nan inda ka bar shi. Ta kakar matata ce, tun ba a san kwalba ba a ƙasar nan. In za ku yi a sorona, ku yi ta daidai. To, ku sake."

Suka sake. Bai gamsu ba, ya ce wancan na gefe yana cinye ƙarshen, a kuma. Ni ina bayan katanga ina ba su baiti, shi yana gaba yana gyara musu amshi, liman yana cewa a miƙo masa miya.